Rami Ɗaya Ake Yanka wa Bututu

Na kai masa sakatar bindigar babana
a naɗe cikin tsohuwar rigar sanyi.
Delbert Kovarik ya juya ta a tafin hannu,
ya ja, ya tura, ya kasa kunne
kamar mai sauraron ƙirjin jariri.
Ya ce, "Ƙarfen nan da sauransa, Lorna.
Zan ɗaura masa sabon bututu,
in sassaƙa ƙota daidai tsawon hannunki.
Amma rami ɗaya ake yanka wa bututu.
In na yanka, bakin alƙalami ya bushe.
Wane harsashi zai kwana a ciki?"

Na ce ban sani ba.
Na san dai goɗiyata ta jefa ƙafa a ramin kurege
ranar wata Talata, bayan famfon iska,
kuma da hannuna na ƙarasa ta.
Na san dila ya kashe mini maruƙa biyu a watan Maris,
har dusar ƙanƙara ta yi ja.

Ya jera huɗu a kan benci.
"Mai ƙaton cikin nan, ashirin da biyu, ɗari biyu da hamsin,
kafin sautinsa ya isa, shi ya riga ya isa.
Sai dai mai ci ne.
Wutarsa na lasar maƙogwaron bututu,
bazara uku, ki dawo mini da kuɗi a hannu.
Siririn nan, biyu-sifili-huɗu, ko kafaɗa ba ya girgizawa,
ta madubi za ki ga inda ya sauka,
amma dila mai kauri kan tashi da shi ya shige ciyawa.
Biyu-huɗu-uku kuwa, iska ba ta cika tanƙwara shi ba,
sai shuri, sai yaga fata,
kuma ba a kashe sauro da taɓarya."

Na huɗun bai ce komai a kansa ba.
Ni na ɗaga shi.
"Wannan fa?"
"Biyu-biyu-uku. Talakan harsasai.
Duk kantin da ke sayar da gishirin shanu yana da shi.
Bututu kan tsufa da shi lafiya lau."

A waje, iskar Nebraska na kaɗa ƙyauren kwano,
iskar da ba ta san Lahadi ba.
Zuciyata na kan mai ƙaton ciki.
Shi babana ya riƙe shekara talatin,
da shi ya taɓa kayar da dila a yadi ɗari huɗu da ashirin,
ya auna da taku, ya faɗa wa kowa har ya mutu.

Delbert ya buɗe taga, ya nuna da haɓa.
"Gaya mini, shingen can, waya nawa ke jikinsa?"
Na gyara tabarau.
Na ce uku.
Ya yi shiru.
Na ce huɗu?
Ya ce, "Yadi ɗari biyu ne kacal."
Ya dubi kafaɗata ta dama, wadda likita ya ɗinke bara,
bai ƙara kalma ba.

Ashe ba harsashi nake zaɓa ba tun safe.
Idon babana nake nema,
shi kuwa yana ƙarƙashin tudun yashi a Valentine.

Na tura masa ƙaramin da yatsa ɗaya.
Na ce ya matse murɗin cikin bututun
yadda zai riƙe dalma mai ɗan nauyi, saboda iska.
Ya lashi fensir, ya rubuta a jikin kwali:
Hruska, biyu-biyu-uku, wata biyar.
Ya ce, "Ko shida. Ina da jika a asibiti."

Na ɗauki rigar sanyin, babu komai a ciki,
na sa ta, don yamma ta yi,
kuma akwai shanu da ke jiran ruwa.