Kuɗin Ƙofa

Ɗakina a Agege, taga ɗaya, fanka mai tari.
Daga nan nake kiwon shafi kamar mai kiwon tattabaru:
farashin tumatir a Mil Sha Biyu,
buhun albasa, kwandon attaruhu,
nakan ɗora kafin a kira Asuba
don 'yan Zariya su san ko su ɗaure kaya.

Sabar kuwa ban taɓa ganinta ba.
An ce tana wani bene a Lekki,
cikin sanyin da ni ban taɓa kwana a cikinsa ba,
kusa da inda igiyar teku ta fito shan iska.
Haya nake biya, terabait biyu a wata,
kamar mai sayen jarka biyu wajen ɗan garuwa.

Sai ran Talata tirela ta kife a Ojota,
tumatir ya malale titi ja wur.
Ƙanena Ilu ya ɗauka a waya, minti uku,
na ɗora, na tafi cin tuwo wajen Kande.

Kafin in wanke hannu, mutum dubu arba'in.
Kano ta shigo, Fatakwal ta shigo,
har 'yan Jidda, suna kallo suna maimaitawa.
Na yi ta murna kamar an yi mini haihuwa.

Inna takan ce baƙo raɓa ne.
Inna, waɗannan ba raɓa ba ne,
ambaliyar Legas ce ta watan Yuli,
duk wanda ya shigo sai ya ɗebi moɗa,
randar kuwa ba tawa ba ce.

Ƙarshen wata takarda ta iso, da dala aka rubuta.
Na kira kamfanin. Wata Madam Oyelaran,
muryarta sumul kamar man shanu,
ta ce awo suke yi duk minti biyar,
su share tozon mudu, biyar cikin ɗari,
saura kuma nawa ne.
Na ce, Madam, ko tumatir ɗaya ban sayar ba.
Ta ce, ai ba tumatir muke aunawa ba,
abin da ya fita ta ƙofarka ne.

Na juya dalar zuwa naira a bayan ambulan,
sau uku, ko lissafi zai ji tausayi.
Ya haura hayar ɗakina ta shekara.

Daren nan na sauke bidiyon.
Na matse hotuna har albasa ta koma tafarnuwa.
Janareton maƙwabci na gunaguni,
ina duba ƙidaya: mutum ɗari biyu da sha ɗaya,
'yan kasuwata na da,
masu karanta lamba su fice,
ba sa zama, ba sa shan ruwa da yawa.

Sai ga saƙon Ilu:
Yaya, wata ta kife a Ketu, ta kankana ce,
ka ga kyau!
Yatsana na kan maɓalli.
Fanka ta yi tari.
Ban danna ba,
ban kuma goge ba.