Shawarar Barmu Magini

Nafi'u, ka dawo daga Jado da ɗan zinari a ƙulle,
ka zo tun ban karya ba, kana tambayata batun gidan haya.

Zauna kan bulon nan, shayi bai nuna ba tukuna,
ni ina cuɗa laka a Damagaram tun kana goye a baya.

Kada ka sayi fili da rani, ko an ce maka kyauta ne,
rani maƙaryaci ne, kowane kwari sai ya yi maka dariya.

Jira tsakiyar damina, cire takalmi, taka da ƙafarka,
inda kwaɗi suka kwana suna kuka, ba nan ake binne dukiya.

Ni na yi wannan wauta can wajen Kanya:
ɗaki huɗu, na shafe su da farar ƙasa har ana zuwa kallo,
dare ɗaya ruwa ya sauko, da safe sai ƙofa tsaye ita ɗaya.

Inda dutse ya fito kuwa, tushe zai zauna daram,
amma haƙa salga cikin dutse, kuɗinsa sai ya kai maka wuya.

Dillali zai rantse maka har ya yi gumi,
kai dai ce masa: ina takarda? Ina magada? Su zo gaba ɗaya.

Gidan gado mai ƴaƴa tara, takwas sun sa hannu,
na taran yana Agadas,
ranar da ka gama rufi, ranar zai dawo daga tafiya.

Ka san garin nan, famfo ma yana azumi,
gidan da ke da tanki ba ya wata guda babu ɗan haya.

Kafin fenti, gyara indararo,
kafin ƙofa mai ado, nemo wa ruwan wanka rariya.

Mitar wuta ɗaya ga ɗaki shida, ka sayi fitina,
mai firiji da mai ƙwai guda, ƙarshen wata sai an ɗaga murya.

Wanda zai shiga, kada ka auna shi da girman riga,
je inda ya taso, tambayi mai kanti, shi ke riƙe da gaskiya.

Mushe Zabairu, albashinsa kan makara kwana ashirin,
amma in ya zo, ƙofata yake fara bugawa kafin ya sayi miya.

Alhaji Tankari kuwa, surukin ƙanwata ne,
shekara uku ko dala ban gani ba,
in na je sai a shimfiɗa min tabarma, in dawo da goro da gajiya.

Don haka rubuta, ko kawunka ne, a gaban mai unguwa:
nawa ne, yaushe ne, wa zai gyara ƙofa in ta karye,
takarda ce ke hana zumunci zama ƙaya.

In ka karɓi jaka goma, biyu ba naka ba ne,
na gara ne, na kwano ne, na katangar da ke shirin kwanciya.

Lissafa shekara wata goma, sauran biyun ɗaki na hutawa,
kuma kada ka zuba zinarin duka a bulo, bar na gero da akuya.

Sai dai ba kowace makara ce cuta ba:
Gaptiya mai ƙosai, da mijinta ya rasu, na ɗaga mata wata biyar,
ta biya da kaɗan-kaɗan, ban aika kowa ba, ban buga waya.

Shekararta sha ɗaya ke nan a ɗakin kusurwa,
ita ke ganin tsagewar bango kafin ni, ita ke riƙe da tsintsiya.

To, ga shayinka, sha da zafinsa.
Hadari na haɗuwa gabas; in ya zuba da dare,
gobe mu je Garin Malam mu ga filin nan, mu ga ta ina ruwa ya bi hanya.