Abin da Maganaɗisu Ya Faɗa

A garejin kakana Emrys, bayan cocin Aberaeron,
inda iskar teku ke shigowa da gishirinta ba sallama,
aka turo mana wata jar mota mai kujera biyu,
ƙirar sittin da biyar, ba rufi, ba numfashi.
Gwenllian Prosser ta biyo ta tana dogara sanda:
"Ta mijina ce. Shekara ashirin tana rumfar tumaki.
Ina so in ji kukanta kafin in bi shi."

Kaka bai ce uffan ba.
Ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu
ya bi jikinta da shi.
A ƙofa ya kama. A goshi ya kama.
A dokin ƙofar hagu ya sulale,
ya gangara ƙarƙashin benci.
"Nesta, nan akwai ƙarya. Miƙo tsinke."

Na soka. Fenti ya fashe kamar ɓawon ƙwai.
Tsatsa ta zubo, garin barkono sak,
sai foti mai kaurin yatsa biyu,
sai ragar kejin kaji,
can ciki kuma, a dunƙule,
jarida mai launin shayin da ya kwana.
Na warware. Saba'in da huɗu.
Farashin raguna a kasuwar Tregaron
da rabin fuskar wani ɗan ƙwallo.
Na ƙyalƙyale: "Wane maha'inci ne wannan?"

A gefe akwai lissafi da fensir,
fam bakwai, layi biyu a ƙasa.
Na san bakwai ɗin nan mai ƙugiya.
Ita ce cike da littafin bashinmu.

Ya zauna kan tsohuwar taya.
"Ina ɗan ashirin da biyu.
Daren Juma'a ne, bikinsu Asabar.
Na ce wa Ifor zan sake aikin bayan biki."
Ya murza gwiwa.
"Bayan bikin ne ya yi tsawo."

Washegari ya yanke,
ya ƙara yankewa,
har sai da bakin ramin ya yi fari kamar azurfa.
Ya ɗauki siffar a kwalin biskit,
ya zana da alli a kan sabon falle,
almakashi yana tauna, yana tofarwa.
Sai buhun yashi da gudumar katako:
tim, tim, tim,
ƙarfe yana lotsawa kamar mai jin rarrashi.
Na farko ya yi tumbi, ya jefar.
Na biyu ya gaza da faɗin farce.
Na ce walda za ta cike.
Ya dube ni ta saman tabarau
har na sunkuyar da kai.

Na uku ya zauna daram ranar Laraba.
Amma hannun da ya iya guduma
ya fara rawa in an zo wuta.
Ya miƙo mini. "Ɗigo nan, ɗigo can.
Bari ya huce. Ƙarfe ma yana fushi,
in ka matsa masa sai ya murɗe."
Ɗigo sittin da ɗaya na ƙirga,
tartsatsi na cin safata.
Ya bi da magagari,
ya rufe ido, ya shafa da tafi,
yana neman inda jiya ta haɗu da yau.
Bai samu ba.

Da Gwenllian ta dawo, ya ajiye jaridar a gabanta,
ya cire hula, ya faɗi komai.
Ta karanta farashin raguna har ƙarshe.
"Emrys, ɓangarena ne fa.
Shekara talatin ruwa na jiƙa mini takalmin hagu.
Ifor ya hana ni magana,
wai ka kwana kana yi, ba ka ci abinci ba."

Ta karɓi maganaɗisun da kanta,
ta durƙusa da ƙyar,
ta manna.

Ya kama.

"To," ta ce, "saura injin."