Rawar Mai Albasa

Da albasa na yi arziki, ban taɓa jin kunyarta ba.
Daga Galmi na faro, buhu biyu bisa jaki,
yau ga ni a Yamai, gida a Plato, ƙofar ƙarfe,
amma wata tsohuwa mai sanda ta sa ni zufa
kamar ɗan lakwal da bai yi hadda ba.

Madam Gambi ce. Wai zamanin samun ƴancin kai
ta yi rawa har takalma uku suka mutu.
An binne bal shekara da shekaru, in ji ta,
yanzu manya sun tono shi
kamar tsohuwar rijiya da aka jiyo ruwa a ciki.
Ƴan mata goma sha biyu, fararen riguna,
kowace ubanta zai riƙo ta, ya nuna wa gari.

Ɗaya, biyu, uku. Alhaji, hagu!
Ƙafar da ta girma a lakar fadama
ina ta san hagu?

Rigar Tsahara jaka ɗari takwas.
Na buga a zuci: buhu arba'in ke nan.
Ga safar hannu har gwiwa
a watan da kwalta ke narkewa.
Na biya. Ban ce uffan ba.

Daren ya zo. Otal a bakin kogi,
turare ya yi yawa har iska ta rasa hanya.
An kira ɗiyar darakta, an kira ɗiyar likita,
aka kira tawa,
wani a bayana ya ce, mai albasa ne.
Kiɗa ya tashi. Na taka bakin rigarta.
Sai wuta ta ɗauke.

Kafin inji ya farka,
cikin duhun nan na ji ta ce,
Baba, bar ƙirga.
Ta tuɓe takalmi, ta ɗora ƙafafunta bisa nawa
kamar tana shekara uku a rumfar buhuna.
Na tafi da ita yadda nake ratsa kunya da asuba,
a hankali, ba a taka ko ganye ɗaya.

Wuta ta dawo ta same mu tsakiyar fili.
Madam Gambi ta sauke sandarta.

A mota barci ya kwashe ta.
Safar tana ƙasa, ɗaya ta ɓata.
Hannuna, wanda sabulun Faransa bai taɓa raba shi da wari ba,
shi ta riƙe har gida.