Ɗibar Wuta

Ran Asabar ake biyana in hura wuta.
Ni da na hura ta shekara arba'in ba ko sisi,
yau har takarda ake miƙo mini in dangwala.

Gidan na nan bayan Rimin Tsiwa.
Sun yi wa zaure sabon yaɓe, sun kafa allo.
Akushin Malam Barau yana cikin gilashi,
an ba shi suna da lamba
kamar wanda aka kwantar a Shika.
Muciyar da ke gefensa ba a taɓa ta,
tawa nake ɗaukowa a buhu daga Tudun Wada.

Duwatsun murhun uku ne, biyu 'yan gida, ɗaya aro.
Na gane shi, ba ya riƙe zafi,
tukunya kan karkata wajensa kamar mai sauraren raɗa.

Mudansir mai bayani ya jera 'yan makaranta bayan igiya.
"Haka kakanninmu suke yi a da,"
yana nuna ni da biro.
A da.
Ga ni tsugune, gwiwa tana ƙara,
goron da na ɓantara da safe bai bar bakina ba.

Kara tukuna, sannan kirya.
Ruwa ya tafasa, na yi talge, na rufe.
Ɗaliban Samaru suka ɗaga wayoyi sama
kamar masu roƙon ruwa.
Wata ta ce in sake tuƙin, ba ta kama ba.
'Yar nan, tuwo ba ya jiran hoto,
ka juya masa baya ya cika maka tukunya da gudaji.
Wani ya ce minti nawa?
Ban san minti ba.
Sai tukunya ta fara fut, fut, kamar tsoho mai musu,
sai ƙamshi ya daina zama na gari.

Manaja ya leƙo, hanci cikin hankici:
a rage hayaƙi, azara za ta yi baƙi.
Azarar da hayaƙi ya tsare wa gara
tun ba a haifi ubansa ba!
Na ce to.

Kada ku ce ina kewa.
Hayaƙin nan ya sha rabin idona na hagu.
A gida ɗan maɓalli nake murɗawa,
shuɗiyar wuta ta tashi, in ce alhamdu lillahi.
Abu ɗaya dai na duba cikin gilasan ban gani ba:
kafar da ke jikin katanga,
inda Yalwa kan zuro tsingaro da asuba,
garwashi ya tafi, labari ya dawo,
wa ta sauka, nawa tiyar dawa, jakin wa ya kwana a waje.
Sun toshe ta da siminti, wai ɓaraka ce.

Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ana yayyafi,
sai ga wani yaro a bakin zaure da murfin gwangwani.
Gas ɗinsu ya ƙare, ashana ta jiƙe,
uwarsa ta hango hayaƙi ta kan katanga.
Maigadi ya ce, "Ina tikitinka?"

Na tsallake igiyar.
Garwashi uku na zuba masa, na lulluɓe da toka.
Riƙe da hannu biyu, ka kare da riga,
kada ka yi gudu, iska ce ke cinye ta.
Ka gaida uwarka, ka ce akwai ragowar miyar kuka.

Wayoyin duk sun koma aljihu a lokacin.
Mudansir ya buɗe baki, ya duba takardarsa, ya rufe.
Na koma na zuba wa ƙanzo ruwa,
hannuna na warin toka har gida.