Fenti a Kan Tsaga

Shekara ashirin da shida ina sayar da gidaje a Duluth.
Fuskata na manne a bencin jiran bas,
tana murmushi ga mai tafiya da mai dawowa.
A ƙasa an rubuta: Marlys Hedquist, dillaliyar da ba ta ɓoye komai.

Gidan Arvid Tollefson yana kallon tafki.
Ranar da na sauka ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa
hancina ya riga idona gani:
warin danshi, irin na tsumman da aka manta a bokiti.
Ga tsaga a bango, siririya kamar zare,
ga shatin ruwan bara, daidai gwiwata.

Tsohon ya tsaya a matakala, hula a hannu.
Ya ce matarsa na gidan jinya, ta daina gane shi,
amma masu gidan suna gane shi duk ƙarshen wata.
Ni na ce ya sayo fenti.
Ni na zaɓi launin, fari mai ruwan madara.
Da takarda ta tambaya, “Ruwa ya taɓa shiga?”
na miƙa masa biro, na juya ina kallon taga.
Ya rubuta a'a.
A waje dusar ƙanƙara na sauka tana rufe komai,
na ce a raina, ai har sama haka take yi.

Renata Wojcik da mijinta Tobiah
suka zo da jaririya cikin jan bargo.
Ta shafa bangon da tafin hannu, ta ce, “Sabo fil!”
Na ce, “Sabo ne.”
Fentin nake nufi. Da haka na lallashi kaina.
La'adata dala dubu tara da ɗari biyu.
Na sauya tayoyin mota,
na biya wa jikana kuɗin koyon iyo.

Afrilu ya zo, ƙanƙara ta narke.
Ruwa ba ya mance hanyarsa.
Ya shigo cikin dare ba sallama,
ya ɗaga kwalin hotunan aurensu,
ya kashe injin ɗumama gida.
Jaririya ta kwana huɗu a asibiti tana tari.

Wasiƙar hukumar lasisi ba ta da tsawo.
Ɗaki a hawa na uku a Saint Paul,
mutum biyar a bayan dogon tebur.
Lauyana ya ce in ce ban tuna ba.
Sai ɗayansu ya gyara tabarau
ya karanta saƙon da na tura wa Arvid:
“Ka shafa sau biyu, shafar farko ba za ta rufe ba.”
Maganata ce, a bakin baƙo.
Ramin ƙarya ƙurarre ne, an ce,
nawa har an dabe shi da siminti.

Renata na zaune can baya. Ba ta zage ni ba.
Da ta zaga, da na samu abin riƙewa.

An dakatar da lasisina wata goma sha takwas.
Tara dala dubu goma.
Darasin riƙon amana na awa talatin,
ni da sa'o'in 'yata a aji ɗaya,
malamin kuwa a hannuna ya koyi aiki.
Kamfani ya karɓi makullansa kafin rana ta take.

Yanzu furanni nake ɗaurewa a shagon ƙanwata.
An liƙa likitan haƙori a kan fuskata a bencin nan,
amma ruwan sama ya ɗage gefen takardar,
kunnena na hagu yana leƙowa.

Hanyata ta komawa gida tana bi ta ƙofarsu.
Baƙin tiyo ya fito ta ƙaramar taga,
famfon zuƙar ruwa yana ta shessheka,
ruwa na bin kwata yana gangarawa tafki.
Sau uku na tsaya da ambulan a jaka,
sau uku na tayar da mota.
Gobe, in ba a yi ruwa ba,
zan ƙwanƙwasa.