Kibiyar da ke Jikin Ƙarfe

Ƙarfe biyar da rabi, Sharaɗa ba ta gama miƙa ba.
Na rataye kaftanina a ƙusa,
na sa shuɗiyar riga mai matse hannu,
don hannun riga mai faɗi ado ne a ɗaurin aure,
a nan kuwa loma ne.

Ga ta can bisa dakalinta,
ba ta fi turmin daka ba.
Faifai biyu masu haƙora ne a cikinta,
sun saƙale juna,
ba sa jituwa sai da mai a tsakani.

Kwaɗona yana kan makunni tun jiya da la'asar,
makullin na aljihuna tare da ɓarin goro.
Muddin yana nan, ba mai tashin ta
hannuna yana ciki.

Na buɗe bawul ɗin shiga har ya tuƙe.
Na zare rariya, na kakkaɓe dusar waken suya.
Na cika cikinta da mai.
Shekara tara ke nan da Malam Sallau ya ce mini:
"Kada ka tashe ta tana azumi, Barau.
Haƙorin da ya rasa abin tauna
ɗan'uwansa yake ci."

Sai bawul ɗin fita, wanda ake mantawa.
Ita ba ta san a'a ba.
Abin da ta ɗiba sai ta tura,
ko ƙofa na buɗe ko tana rufe.
Ka toshe mata hanya, ta fasa wata
ta cinyar bututu,
ta inda fuskarka take.

Tanka na bakin ƙofa. Ɗanliti ya kwanta a kan hon.
Manaja ya leƙo, waya a kunne:
"Me kuma ake jira?"

Ina jiran amsar abin da ya hana ni barci.
Daren jiya masu wuta sun taɓa taransifoma.
Waya uku suka kwance, waya uku suka ɗaure.
Wa ya rantse mini
yadda suka same su haka suka mayar?

Na cire kwaɗo. Bisimilla.
Na taɓa makunni na saki,
kamar mai jin ko tukunya ta huce.
Na leƙa ta ragar murfi:
kibiyar da ke jikin ƙarfe ta ce dama,
sandar ta yi hagu.

Na mayar da kwaɗo.
Na aika a taso Ɗan'asabe mai lantarki daga wurin mai shayi.
Waya biyu ya musanya, yana tauna burodi.
Minti ashirin.
Manaja ya ƙirga su ɗaya ɗaya da ƙarfi,
kamar daga aljihunsa suke zuba.

Na sake taɓawa. Ta bi kibiya.
Sai na bar ta.

Allurar geji ta hau a hankali
ta tsaya ƙasa da jan layin
da Malam Sallau ya ja da fenti
kafin idonsa ya mai da shi Gwale.
Na kafa kunne.
In tana yunwa, kuka take kamar tsakuwa a gwangwani.
Yau gurnani ne, na mage a kan buhu.
Na kai bayan hannu kusa da boris: ɗumin ƙwai.
Na duba ƙasa: ɗigo ɗaya, ba na biyu.
Bawul ɗin kariya ya yi shiru,
maigadin da ba a taɓa gode wa ba.

Mai ya hau, ruwan zuma.
Ɗanliti ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba,
tankarsa ta nufi Zariya.

Da magariba Jummala ta ajiye mini tuwo,
ta ce, "Yaya aikin?"
Na ce, "Ba abin da ya faru."
Ta yi dariya: "Kullum haka kake cewa."

Na wanke hannu a kwano.
Yatsu goma suka shiga ruwa,
goma suka fito.